Gaɓar da Ba Ta da Ƙofa: Tarihin Mashigin Tekun Gini

A farkon shekarar 1824 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato. Ta Tarabulus ya shigo, ya ratsa hamada zuwa Kukawa, daga can ya biyo ta Kano, wato hanyar da baƙin nesa suka saba bi zuwa ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Tambaya ɗaya ce ta hana shi sukuni: kogin Kwara, wanda Turawa ke kira Neja, ina ya nufa, a ina kuma ya ƙare? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi masa kyakkyawar tarba. Bisa abin da Baturen ya rubuta, Sarkin Musulmi ya zana masa kogin a ƙasa, ya ce yana faɗawa teku a wani wuri mai suna Funda. Amma taswirar da aka ba shi a takarda ta nuna kogin ya miƙe gabas ya nufi Nilu. Har yau masana tarihi na jayayya a kan ko iyakar sanin mai zanen ke nan, ko kuwa da gangan aka karkatar da kogin don kada a nuna wa Nasara hanyar shigowa gida.

Suka rabu a kan cewa Clapperton zai dawo ta teku, manzannin Sarkin Musulmi su tarye shi a bakin ruwa. Da ya dawo a ƙarshen 1825 ya sauka a Badagry, bai tarar da manzo ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya taɓa jin wata tashar teku mai suna Funda. Garin na can cikin ƙasa, kusa da mahaɗar Binuwai da Kwara, ɗaruruwan kilomita daga ruwan gishiri. A lokacin nan Turawa sun haura shekara 350 suna ciniki a wannan gaɓa. Jiragensu sun sha tsayawa a bakin Forcados da Brass suna lodi, ba su san ruwan da ke ƙarƙashinsu shi ne wanda ya wuce ta Tumbutu da Yawuri ba. Na arewa bai tabbatar da inda koginsa ya ƙare ba, na teku bai san inda nasa ya fito ba. Wanda ya san ƙirar wannan gaɓa ba zai yi wa ko ɗayansu dariya ba.

Daga tsinin ƙasa na Cape Palmas a Laberiya, gaɓar Afirka ta Yamma takan miƙe gabas ɗoɗar, ta wuce Kwaddibuwa, Gana, Togo, Jamhuriyar Benin da Najeriya, sai a Kamaru ta karya kwana ta nufi kudu har Cape Lopez a Gabon. Ruwan da ke cikin wannan lanƙwasa shi ne Mashigin Tekun Gini. A cikinsa ne, kimanin kilomita 600 kudu da Gana, layin da ya raba duniya arewa da kudu ya gitta layin Greenwich, kuma daga wannan ɗigo duk lissafin wurare na taswira yake farawa, ko da yake babu komai a wurin sai ruwa. Masu ilmin duwatsu sun ce sama da shekara miliyan 100 da suka wuce ƙasar Birazil a manne take da wannan gaɓa. In aka yanko taswirorin biyu aka haɗa, sai su zauna daram kamar sakaina biyu na ƙwarya ɗaya. Da ƙasa ta tsage, tsagar ta yi rassa uku. Biyu suka buɗe suka zama Tekun Atilantika, na ukun ya kutsa cikin ƙasa ta arewa maso gabas ya tsaya a hanya. Shi ne kwarin da Binuwai ke bi a yau, wani reshensa kuma ya haura ta kogin Gwangola wajen Gombe, inda ake haƙar farar ƙasar simintin Ashaka.

Abin da ya fi tsara rayuwar mutanen wannan gaɓa shi ne yashi. Manyan koguna, Volta da Kwara da Sanaga da ƙannensu, kullum cikin kwaso yashi da laka suke daga tudu suna zubawa a teku. Daga can kudancin Atilantika kuma manyan igiyoyin ruwa ke tahowa, tafiyar dubban kilomita ba abin da ya tare su, su zo su bugi gaɓa a karkace. Wannan bugu na karkace shi ke tura yashi gabas, dare da rana, yana gina dogon shinge a bakin ruwa. Bayan shingen sai ruwan koguna ya taru ya zama tabkuna masu ɗan gishiri-gishiri, irin na Keta, Nokoue, Ikko da Lekki. A bakin kowane kogi kuma akwai tudun yashi kwance a ƙarƙashin ruwa, wanda ke sauya wuri daga damina zuwa damina. Sakamakon haka, a tsawon wannan gaɓa har a kai yankin Bonny da Kalaba da Duwala, da wuya a sami wurin da Allah ya yi shi tasha, inda babban jirgi zai shiga ya fake. Jirgi sai dai ya tsaya can cikin teku, tazarar kilomita biyu ko uku, ya jira a zo masa.

Masu zuwa masa kuwa su ne masu kwalekwale, kuma aikinsu ba na yara ba ne. Kwalekwalen ice ɗaya ne, an sassaƙo shi daga gindin ƙaton itacen kurmi, matuƙa goma sha wani abu ko ashirin suna zaune bakin-bakinsa riƙe da filafili. Shugabansu na tsaye a baya, idonsa a kan ruwa, yana lissafin igiyoyi. Sai su tsaya cak a bayan inda ruwa ke karyewa, suna ɗan motsa filafili kawai don kada jirgin ya juya. In ya ga babbar ta wuce, ƙaramar na biye, sai ya daka tsawa, su sa ƙarfi gaba ɗaya su hau bayanta, ta kawo su har kan rairayi, wasu su yi tsalle cikin ruwa su riƙe jirgin kafin ta gaba ta riske su. In lissafi ya kuskure, kwalekwale ya kife, kaya su nitse, kifayen teku masu cin mutum kuma ba su da nisa. Da damina, lokacin da ruwa ya fi hauka, akan yi kwanaki ba wanda ya isa ya fita. Duk bindiga, duk ƙyalle, duk gangar barasa da ta shigo wannan ƙasa cikin ƙarni huɗu, da duk ɗan'adam da aka fitar, ta hannun waɗannan mutane suka bi. Littattafan makaranta sun cika da sunayen kyaftin-kyaftin na Fotugal, amma ba don Fante da mutanen Elmina da Kru na Laberiya ba, da babu kyaftin ɗin da zai taka ƙasa da kayansa a bushe.

Gaɓar ba iri ɗaya ba ce daga farko zuwa ƙarshe, kuma kowane sashe da irin tarihin da ya haifar. A yammacin Gana akwai duwatsu da suka kutsa cikin teku, kowanne da ɗan lungu a gefensa inda ruwa ke lafawa. Nan Turawan Fotugal suka fara cin karo da zinariya a 1471, a 1482 kuma Diogo de Azambuja ya kafa ginin Elmina a kan irin wannan dutse. Inda akwai dutse akwai harsashin gini, shi ya sa gommai na gidajen yaƙi na Fotugal, Holan, Ingila, Denmak da sauransu suka jeru a wannan ɗan yanki, wani na hango wani. Mai ganin kaurin bangayensu zai ɗauka masu ciki ne ke mulkin ƙasa. A gaskiya 'yan haya ne. Kuɗin ƙasa suke biya, har ta kai Holan, waɗanda suka ƙwace Elmina a 1637, suna biyan nasu ga Sarkin Asante da ke can Kumasi. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun a farkon zuwansu Turawan Fotugal kan sayo bayi daga yankin masarautar Benin su kawo Elmina su sayar wa fataken zinariya. Cinikin mutane tsakanin gaɓa da gaɓa ya riga na tsallaken teku.

Daga wajen Ankara ta Gana zuwa Kwatano kuwa wani abin mamaki ne ake gani. Kurmin da ya lulluɓe gaɓa ta yamma da ta gabas a nan ya yanke, dajin ciyawa da kuka ya gangaro har bakin teku. Ruwan saman da Ankara ke samu a shekara bai fi na Kano da wani abin kirki ba, alhali a ƙauyen Debundscha da ke gindin Dutsen Kamaru, a wannan mashigi dai, akan sami kusan milimita 10,000. Dalili shi ne a nan gaɓar ta kwanta ne daidai da hanyar iska, iskar na shafar ta tana wucewa, sannan daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi na tasowa daga ƙasan teku ya hana hadari haɗuwa. Wannan ruwan sanyi shi ke kawo ƙananan kifayen da masuntan Gana ke rayuwa a kansu. Tun da maganar ruwan sama ta taso, manomin Katsina zai ce hadari daga gabas yake tasowa, kuma gaskiyarsa, guguwar daga can take kunno kai. Amma danshin da ke cikinta daga wannan teku iskar bazara ta kwaso shi ta kudu maso yamma. Shi ya sa ruwa ke sauka a Fatakwal tun Maris, Kano sai ƙarshen Mayu ko Yuni, Agadas kuwa sai Yuli.

Wannan fili mara kurmi ya zama hanyar doki. Ƙudan tsando, mai kawo sammore, ya fi ƙarfi a duhuwa, don haka mahayan daular Oyo, waɗanda daga arewa suke sayen dawakinsu, suka iya gangarowa da rani har kusa da teku. Da Sarkin Dahome Agaja ya ci Allada a 1724 da Wida a 1727 don ya mallaki bakin ruwa, dawakin Oyo ne suka biyo shi suka tilasta masa biyan gandu. Wida kanta ba a bakin teku take ba. Tsakaninta da rairayi akwai tafiyar kusan kilomita huɗu, da tabki a tsakiya. Gidajen Faransa, Ingila da Fotugal a cikin gari suke, na ƙasa ne, igwarsu ba ta kai wa ga jiragensu, kuma wakilin sarki, Yovogan, shi ke cewa a buɗe hanya ko a rufe. Mutanen wurin ma ba su saba shiga teku ba, tabki ya ishe su, sai daga Gana ake ɗauko matuƙa haya. Duk da wannan wahala, fiye da mutum miliyan ɗaya aka fitar ta wannan rairayi kaɗai. Gidan Fotugal na Wida ya ci gaba da zama mallakar Fotugal, da tutarsa da jami'insa, har 1961 da sabuwar ƙasar Dahome ta kore su.

Ƙididdigar jiragen bayi da masana suka tattara ta nuna cewa cikin mutum kusan miliyan 12.5 da aka ɗora wa jirgi daga Afirka, kimanin miliyan 2 daga gaɓar Benin suka fita, miliyan 1.6 daga gaɓar Biyafara, wadda Najeriya ta sauya wa suna zuwa ta Bonny a 1975, sai miliyan 1.2 daga gaɓar Gana. A cikinsu akwai namu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, da rushewar Oyo, sun kwararo da kamammu daga ƙasar Hausa, Nufe da Barno zuwa Ikko, Badagry, Porto-Novo da Wida, akasarinsu aka kai su Bahia a Birazil. Hukumomin can sun rubuta yunƙurin tawayen da Hausawa suka jagoranta a 1807, 1809 da 1814. A babban tawayen Musulmi na Janairun 1835, cikin watan azumi, Yarabawa ne suka fi yawa, amma akwai Hausawa, kuma a jikin waɗanda aka kashe an sami layu da rubutun Larabci. Ali Eisami, ɗan wani malami daga Barno, a Porto-Novo aka sayar da shi a 1818, jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin bayin da ke ɗauke da shi a teku ya kai su Saliyo, inda daga baya ya zama babban madogarar mai binciken harsuna Sigismund Koelle a kan Barbarci. Ƙaramin jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya zauna da bayin Hausawa yana tambayarsu garuruwa da koguna, ya buga abin da suka faɗa masa a 1851. Mutanen da suka taka hanyar Kano zuwa teku da ƙafarsu, zango-zango, a wancan gefen Atilantika suke, cikin gonakin rake.

Abin da ya haura arewa a madadinsu, wato kuɗin wuri, har cikin aljihun kowa ya shiga. Wuri ba a wannan teku ake samunsa ba. Daga tsibiran Maldives na Tekun Indiya jiragen Turawa ke kwaso shi, su kai Turai, sannan su kawo shi Wida cikin ganguna, a tsallako da shi ta kwalekwale. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Da Bature mai yawon bincike Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake canzawa da dalar azurfa ɗaya. Watau tun kafin Sakkwato ta ga Bature, kasuwar Kurmi da kuɗin da ya ratso igiyoyin Wida take ciniki, sai dai ya bi ta hannaye da yawa, har asalinsa ya ɓace a hanya.

Gabas da Ikko yashi ya ba laka wuri. Kwara, bayan tafiyar kusan kilomita 4,180 daga tsaunukan Gini, inda ya faro tazarar kilomita 240 kacal daga teku amma ya juya mata baya ya nufi hamada, da ya wuce Aboh sai ya rarrabu. Ya zama Forcados da Nun, su ma suka rarrabu, har ya shiga teku ta bakuna da dama, ba wanda ya yi kama da bakin babban kogi. Tsakaninsu dubban ƙoramu ne masu kama da juna, gefensu cike da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu tsaye a waje. Babu dutsen da za a yi gini a kai, don haka babu gidan yaƙin Bature ko ɗaya. 'Yan kasuwar Liverpool a cikin tsofaffin jirage suke kwana, suna biyan harajin shiga ga sarakunan Bonny, Kalabari, Nembe da Kalaba. Ƙarfin mutum a nan shi ne yawan manyan kwalekwalen yaƙinsa, masu matuƙa hamsin ko fiye, da igwa a goshi. Waɗannan sarakuna sun san sarai inda ruwan ya fito, amma arzikinsu shi ne zama tsakanin mai saye da mai sayarwa, ba su da dalilin yi wa kowa jagora. Da Richard Lander, yaron Clapperton wanda ya binne maigidansa kusa da Sakkwato a 1827, ya dawo da ƙanensa John a 1830 suka biyo kogin daga Busa, kama su aka yi aka kai wa Obi na Aboh. Wani basaraken Brass ne ya fanshe su ya fito da su teku ta bakin Nun, yana sa ran a biya shi. Ta haka Turai ta sami amsar tambayarta.

Sanin hanya daban, iya bin ta daban. Cikin Turawa 48 da ɗan kasuwa Macgregor Laird ya shiga kogin da su a jiragen tururi a 1832, tara ne suka tsira daga zazzaɓi. Sai a 1854 Dakta William Baikie ya haura Binuwai a jirgin Pleiad yana ɗura wa mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba a rasa ko ɗaya ba. Baikie ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, har ya je Kano a 1862. Daga nan kwanan masu kwalekwale ya fara ƙarewa, ko da yake ba su sallama da sauƙi ba. An yaudari Jaja na Opobo aka ɗauke shi a jirgi a 1887, an ci Nana na Itsekiri da yaƙi a 1894, a 1895 kuma Sarki Koko na Nembe ya kai wa ma'ajiyar kamfanin Royal Niger hari a Akassa, saboda kamfanin ya toshe musu kasuwannin da iyayensu suka ci abinci a cikinsu.

Kusurwar gabas ta mashigin ta duwatsu masu aman wuta ce. Jerinsu ya faro daga cikin teku, tsibirin Annobon, Sao Tome, Principe da Bioko, ya hau tudu da Dutsen Kamaru mai tsawon sama da mita 4,000, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, ya ci gaba ta tabkin Nyos, inda iska mai guba ta kashe mutum kusan 1,700 cikin dare ɗaya a 1986, har ya kai ga tudun Biu. Ƙasar tsibiran baƙa ce mai albarka. A Sao Tome Fotugal ta fara gwada manyan gonakin rake da aikin bayi tun ƙarshen ƙarni na 15, tsarin da aka kwashe aka kai Birazil. Daga Bioko kuma wani maƙeri, Tetteh Quarshie, ya koma Gana da irin koko a aljihunsa, ya shuka a Mampong.

Ga ƙasar Hausa, babban sauyi ya zo ne da aka fasa shingen yashi. Ingila ta yi wa Ikko ruwan igwa a 1851, ta mallake ta a 1861, amma har farkon ƙarni na 20 babban jirgi ba ya iya shiga tabkinta. Fasinja da kaya sai an sauke su cikin ƙananan jirage a tsakiyar teku, ko a wuce da su Forcados a juye. Sai aka shiga jigilar duwatsu da jirgin ƙasa daga wajen Abeokuta, aka gina dogayen katangu biyu cikin teku a bakin mashigar, aka yashe tsakaninsu. A 1914 babban jirgin wasiƙu ya shiga Ikko da kansa. Kafin nan, a 1911, dogo ya iso Kano, kuma a wannan shekarar ce Italiya ta afka wa Tarabulus. Ƙofar arewa na rufuwa, ta kudu na buɗewa. Turawa auduga suka sa wa rai, manoman Kano suka lissafa suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko ba a saya ba ana iya ci. Fata da kirgi, waɗanda raƙuma kan yi watanni da su a hamada, suka koma bin Ikko. Sauran garuruwan gaɓar kowanne ya bi sahu da nasa aikin injiniya: Fatakwal saboda kwal ɗin Enugu, Takoradi a 1928, hanyar ruwan Vridi da ta buɗe Abidjan a farkon shekarun 1950, Tema a 1962, Kwatano a 1965, Lome a 1968.

Fataken goro sun riga gwamnati gane amfanin teku. Ɗaruruwan shekaru ayari na tashi daga Kano da jakuna, ya tsallake Kwara, ya ratsa Borgu zuwa Gwanja, madugu na gaba yana sasantawa da sarakunan hanya, zuwa da dawowa ya cinye mafi yawan shekara. Goro kuwa ba ya son jinkiri, dole a riƙa kwance huhu ana zaɓe ana yayyafa ruwa ana sauya ganye. Da Ingila ta karya ƙarfin Asante a 1874, yaƙin basasa kuma ya watsa Salaga, babbar kasuwar Gwanja, a 1892, Hausawa suka gangara Kumasi, Ankara da Sekondi, zangonni suka cika. Wasu suka gane cewa in aka ɗora goro a jirgin tururi, cikin 'yan kwanaki yana Ikko. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan fatauci na ruwa kafin ya komo Kano ya shiga gyaɗa. Daga baya manoman Agege da Shagamu suka dasa irin goron Gana, sai tafiyar ta ƙara gajarta, Gwanja ta zama sai a labari.

Yashin da aka tare bai yafe ba. Katangar da ta hana shi toshe bakin tasha ita ce ta hana shi isa gabashinta, ruwa kuma ya ci gaba da kwashe wanda ke can ba mai mayarwa. Rairayin Bar Beach na Ikko ya ja da baya fiye da kilomita guda cikin ƙarni ɗaya, har aka koma yaso yashi daga ƙasan teku ana cikewa, aka kafa unguwar Eko Atlantic a kai, mutanen ƙauyukan da ke gabas da ita kuma na kukan cewa yanzu su ruwan ke ci. Gabas da tashar Lome teku ta haɗiye titin gaɓa, aka yi sabo, shi ma ta cinye. A Keta, bayan da madatsar Akosombo ta 1965 ta riƙe yashin Volta, gidaje da tituna sun tafi, har da wani sashe na gidan yaƙin da Denmak ta gina a 1784. A ganina wannan asara ba a cika sa ta cikin lissafi ba ranar da ake yanka zaren buɗe sabuwar tasha, domin masu hasarar masunta ne, masu ribar kuma suna babban birni.

Man fetur, wanda aka fara samu a Oloibiri a 1956 cikin lakar da Kwara ya shekara miliyoyi yana tarawa, ya mayar da ruwan kansa abin rigima. Sai da Najeriya da Kamaru suka je Kotun Duniya a kan Bakassi, ta yanke hukunci a 2002, aka kammala miƙa yankin a 2008. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a wannan mashigi aka ɗauke su.

Ƙasashen da ba su da gaɓa su suka fi sanin darajarta. Shinkafa, sukari, motoci da gwanjon da ke cika kasuwannin Maraɗi da Yamai a da, shekara da shekaru, ta Kwatano suke sauka, tirela ta haura da su ta Parakou zuwa gadar Malanville da Gaya. Da aka rufe wannan gada bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kaya suka koma sauka a Lome, suna zagayawa ta Burkina Faso cikin jerin gwano da rakiyar soja, tafiyar kwanaki ta zama ta makonni, farashi ya hau. Ana cikin wannan taƙaddama ne aka kammala bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a gaɓar Benin, jirgin farko ya yi lodi a Mayun 2024. Chadi ta riga yin nata tun 2003, kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi a Kamaru. A Kribi bututun bai tsaya a bakin ruwa ba, sai da aka shimfiɗa shi a ƙarƙashin teku fiye da kilomita goma zuwa wani jirgin ajiya da ke ɗaure a can, inda tankokin mai ke zuwa su yi lodi.